Gurnanin ’Yar Fari

Ina kicin ina yanka albasa na fara jin abin, wajen sha ɗaya na safe, a sati na uku da sa dokar kulle ta korona. Daga banɗaki sautin ya fito. Ba kuka ba ne, ba kakarin amai ba ne, wani gurnani ne mai kauri irin na ragon da aka danne za a yanka. Na saki wuƙar na tsaya cak. Mu uku ne kacal a gidan: ni, da babbar ’yata mai shekara sha shida, da auta ’yar shekara shida da ke falo tana kallon katun. Maigidana, Malam, ya tafi Kano tattaro bayanan binciken digirinsa na uku, aka rufe iyakoki yana can. To wane ƙato ne a banɗakina, a hawa na sha huɗu a unguwar Wangsa Maju, nan ƙasar ’yan Malay?

Na je na dinga dukan ƙofar ina a’uziyya. Gurnanin ya ɗauke. Can ƙofa ta buɗe, babbar ’yar tawa ta fito da tawul a kafaɗa, ido jajir, murya a dishe. Ta ce mini da Turanci wai ba komai, ta shige ɗakinta.

Ba komai? Budurwa, a banɗaki, da muryar namiji, ga jan ido. Duk macen da ta tashi a cikin birnin Kano ba sai an yi mata fassara ba. Na yi maza na kira aminiyata, matar wani malamin jami’a da muke zumunci tun zuwanmu ƙasar. Ban ƙarasa ba ta ɗauki salati. Ta ce, "Ai shi ne, ’yar uwa! Dogayen gidajen nan da aka gina a kan tsofaffin ramukan kuza, me ba ya cikinsu?" Nan take ta turo mini karatun ruƙiyya ta waya. Na zazzage jakar da nake ajiye kayan gida, na samo ragowar tazargade da habbatus sauda, na zuba a kasko, na ƙure karatu, na bi ɗaki-ɗaki da hayaƙi har ƙarƙashin ƙofarta.

Ta fito tana tari tana kaɗa hannu. Ta ce, "Umma, mene ne wannan kuma?"

Na ce, "Addu’a ce. Zauna nan, kar ki ji tsoro."

Auta ce ta ɗago daga kallonta ta ce, "Umma, ai Yaya waƙa take koya. Kullum tana yi in kin sauka sayen kaya a kedai, shagon nan na ƙasa."

Babbar ta dube ni, ta dubi kaskon, sai ta fashe da dariya har ta zame ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Ni kuwa raina ya ɓaci, na hau faɗa, na ce wace irin waƙa ce wannan ta marasa aikin yi, mutum ya tayar wa uwarsa da hawan jini a ƙasar da ko asibiti tsoron zuwa ake yi. Amma ina faɗan ina jin wani sanyi a zuciyata, don na manta rabon da in ji dariyarta a gabana.

Gara in faɗi yadda muke da ita tun yanzu. Ita ce ’yar farina, kuma sunan mahaifiyar Malam aka sa mata, kunya biyu ke nan. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, in kuma da mutane, "yarinyar nan". Ban taɓa yaba ta a gaban idonta ba, ban taɓa jawo ta jikina ana kallo ba. In ina son ta yi abu, auta nake aika: je ki ce wa yayarki kaza. Auta kuwa a cinyata take wuni, sunanta a bakina sau hamsin a rana. Haka na ga ana yi a gidanmu, haka aka yi mini, kuma ban taɓa zama na tambayi kaina yadda abin yake sauka a zuciyar yarinyar da ta bar Kano tana ’yar shekara tara ba. Na dai lura tun kafin kulle ta rage magana da ni, in ta yi ma da Turanci, a gajarce. Ina jin tana zame mini, ban san ta inda zan riƙo ta ba.

Ranar dai, da hayaƙi ya lafa, ta kawo wayarta ta saƙala mini abin ji a kunne ɗaya. Ta ce sunan kiɗan metal, kuma ba na gama-gari ba, wanda suke ce wa progressive, na masu dogon zango. Wata ƙungiya ce ta Turawa biyar, gashi har gadon baya. Waƙar da ta fi so minti ashirin da uku ce. Na ce waƙa ce wannan ko tafiya Wudil? Da fiyano ta fara a hankali, har na ce to ba laifi, sai ganguna suka rufto kamar an kifar da kwandon wanke-wanke daga bene. Kuma kiɗan ba ya zama a taki ɗaya. Kin fara gyaɗa kai ke nan sai su sauya, su bar ki da kai a sama. Daga baya na gwada daka attaruhu a kan kiɗan, sau uku na kusa dake yatsana.

Mawaƙin ne ya tsayar da ni. Murya biyu gare shi. Akwai gurnanin da ya sa na ƙona tazargadena a banza, akwai kuma wata siririya, fes, wadda take hawa sama har ki ji tsikar jikinki ta tashi. Na yi koyarwa a firamare kafin mu taho, Turancina bai mutu ba, don haka na tsinci labarin. Wani mutum ne tsaye a ƙofar gidansu ruwa na dukansa, yana hango mutanen gidan ta taga suna cin abinci, yana jira wani ya leƙo ya kira shi ya shigo. Minti ashirin da uku yana jira. Na cire abin kunnen na ce wa auta, "Ki ce wa yayarki ta daina yi a banɗaki, ba wurin waƙa ba ne. Kuma ta sha zuma da citta."

Ashe ba ita kaɗai ba ce. Akwai wani zaure a intanet da masoya ƙungiyar suke taruwa daga ko’ina a duniya, kuma da yake an kulle kowa a gida, ba su da sana’a sai musu. Da ta ga ban hana ba, sai ta fara karanto maganganunsu a wurin cin abinci. Wai auta take karanta wa, yarinyar da ko sunan ganga ba ta sani ba. Ni ma sai in ba auta amsa. Haka muka mayar da yarinya ’yar aike tana tsakiya tana cin shinkafarta.

Kai, na ga masu ra’ayi! Akwai ’yan gargajiya, su a wurinsu tun daga faifai na uku ƙungiyar ta lalace, ta yi laushi, ta koma neman kasuwa. Akwai masu cewa gurnanin nan ɓata waƙa yake, a bar mutum ya yi da muryarsa mai daɗi. Akwai wani da ba shi da aiki sai riƙe agogo yana ƙirga daƙiƙa nawa mawaƙin ya ja numfashi ɗaya a wasan bara, nawa ya ja a na shekara goma da suka wuce. Wata kuma ta rubuta shafi guda a kan mai ganga kaɗai, wai shi ne ƙungiyar, sauran rakiya suka yi masa. Na ce wa auta ta gaya wa yayarta wannan matar tana da gaskiya rabi, amma mai jitar nan shi ma a faɗa masa yana da son a sani, in ya kama kiɗa shi kaɗai sai ka dafa shayi ka dawo bai gama ba. Yarinyar nan ta ƙware da ruwa don dariya, ta ce, "Umma, za su cinye ki ɗanya fa."

Ana nan sai ƙungiyar ta sanar za ta yi wasa kai tsaye, kowa daga gidansa, tunda ba halin taro. A wurinmu ya faɗo ƙarfe tara na safe. Ta aiko auta ta tambaye ni ko za a iya sawa a talabijin ɗin falo. Na ce boleh, wato a sa, na ɗauko tiren wake na zauna a gefe ina tsinta, kamar ba kallo na zo ba.

Da aka nuno mawaƙin sai da na ce oh. Hotunan da na saba gani na samartaka ne. Wannan dattijo ne da furfura a gemu, ga tumbi, zaune a wani ɗan ɗaki da kofin shayi a gefensa. Waƙoƙin farko ya yi su lafiya lau. Da aka zo doguwar nan, wurin da mutumin ƙofar gida yake ɗaga murya ta ƙarshe, wurin da kowa yake jira, sai muryar ta tsage. Ta karye a tsakiya, kowa ya ji. Ya rufe ido, ya sauko da ita ƙasa, ya ƙarasa baitin kusan da magana.

Kafin ya ajiye numfashi maganganu sun fara zubowa a gefen allo. Ya ƙare. Ya tafi ya huta. A nemo yaro mai jini a jika. Mai agogon nan har da cewa shi dama ya faɗa tun bara. Na waiga na ga yarinyar nan tana danna waya da ƙarfi, hawaye na ɗiga a kan gilashin, ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge.

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya tsayawa. Na ture tiren waken na fuskanci auta na ce, "Ki ce wa yayarki waɗannan ba su san waƙa ba, ƙara suka sani." Na ba su labarin kakata ta wajen uwa, wadda zabiya ce, ba a bikin kirki a unguwarmu ba ita. Da ƙuruciyarta in ta rangaɗa guɗa ana ji har bakin kasuwa. Da ta tsufa muryar ta ƙi hawa, sai ta koma rerawa ƙasa-ƙasa, kuma a lokacin ne mata suka fi kuka a waƙarta ta kai amarya. Na ce ku duba mutumin nan da kyau, kafin baitin ya ja numfashi da wuri, ya san ba lallai ya kai ba, amma bai kauce ba, bai miƙa wa mai jita ya rufa masa asiri ba. Na ce mutumin da ya daɗe a tsaye cikin ruwa yana jira a kira shi, da wace murya zai yi ihu? A faifai yaro ne yake rera wahalar da bai sha ba. Yau wanda ya sha ta ne ya rera. Na fi minti goma ina zuba, auta ta saki baki tana kallona.

Da na yi shiru na ga ’yar tawa ta daina kuka, tana rubutu da sauri. Ashe fassara maganata take yi. Ta sa a zauren, ta fara da cewa ga abin da mahaifiyarta ta ce. Kafin la’asar amsoshi sun yi yawa har ta gaji da karantowa. Wani ya ce ya koma ya sake saurara, ya yi kuka. Wata ta ce a gaishe da uwar nan, ta fi su kunne. Mai agogo ya ce tausayi daban, waƙa daban, muryar da ta karye ta karye. Na ce a gaya masa ya zo ya rera mu ji. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Har da na kira Malam ranar sai da na ba shi labari, ya ce, "To, mun bar ki da yara, kin koma alƙalin mawaƙan Turawa."

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi da ita tun tana goye. Sai ta shigo kicin da waya, kunne ɗaya nata, ɗaya nawa, muna tsaye kafaɗa da kafaɗa saboda gajartar igiyar. Na zaɓi faifai na huɗu a matsayin nawa, ita ta ce na biyu ya fi, muka yi ta yi. Na nuna mata yadda kakata take cewa murya daga ciki take tasowa, maƙogwaro hanya ce kawai. Duk wannan ina yi ne ina kallon tukunya.

Sai masu zauren suka shirya wani abu: kowa ya rera wani yanki na waƙar ƙungiyar daga gida ya saka, a ji. Ta zaɓi ƙarshen doguwar nan. Kwana biyar tana shiga cikin kabad ɗin kaya da rana tsaka, ta ja ƙofa, wai tufafi suna tsare amo. Ba ta sa fuskarta ba, hoton tagarmu ta ɗora lokacin da ake ruwa. Da ta gama, kafin kowa ya ji, ni ta kawo wa. Bayan azahar ne, ina miyar kuɓewa busasshiya, don rabona da kasuwar Chow Kit tun kafin kulle. Wannan karon kunne biyun duka ta saka mini.

Gurnanin ya fara, na ji shi dai, na yarinya ne. Sai ta sauko cikin siririyar muryar. Wallahi sai da na fara neman wurin zama. Ban san akwai wannan abin a cikin gidana ba. Akwai wani ɗan karkarwa da take yi a ƙarshen baiti, sak na kakata, matar da ba ta taɓa gani ba. Ta hau wurin da dattijon ya karye, ta kai, ta zauna a kai, ta sauko lafiya. Idona ya ciko, na juya wa yarinyar baya.

Ta cire mini abin kunnen a hankali. Da Hausa ta yi tambayar, Hausarta mai ɗingishi da ba ta cika fito da ita ba. Ta ce, "Umma, ya kika ji?"

Amsar tana bakina. Amma ’yar fari ce a gabana, ido cikin ido, tana neman yabo, kuma duk abin da aka raine ni a kai ya taso ya riƙe mini harshe. Na ce, "To, Allah ya taimaka. Miƙo mini murfin tukunyar can."

Ta tsaya kamar ba ta ji ba. Sannan ta miƙo murfin, ta ajiye a gabana, ta koma Turanci. Ta ce wani tsohon Bature da ban taɓa gani ba na yi minti goma ina kare shi, ita kuwa ko kalma ɗaya. Ta ce ƙawayenta ’yan Malay iyayensu mata suna rungume su a bakin makaranta. Ta ce, "Ko sunana ba kya iya faɗa. Tun da Abba ya tafi ba wanda ya kira ni komai a gidan nan sai ke, sai Yaya. In ba kya sona ki faɗa mini kawai, na gaji da zato." Ta shige ɗaki ta murɗa mukulli.

Na tsaya da murfi a hannu har miyar ta kama.

Duk da haka ta saka waƙar a zauren. Na sani ne don ta bar shafin a buɗe a kwamfutar da auta take karatu da ita, na zauna na bi maganganun ɗaya bayan ɗaya. Da yawa sun yaba. Wani ya ce gurnanin bai yi kauri ba, tana matse wuya. Wani mara kunya ya ce mata su tsaya a waƙoƙin soyayya. Mai agogo, abin mamaki, ya ce ta riƙe dogon baitin fiye da yadda ya zata. Wata kuma ta tambaya, "Me mahaifiyarki ta ce? Ita muke jira." Ba ta ba ta amsa ba. Bayan kwana biyu ta goge waƙar gaba ɗaya.

Gidan ya yi tsit. Ba gurnani, ba musu a wurin cin abinci. Sai ta ji na shiga ɗaki take fitowa ta ɗebi abinci. Na sauka wurin mamak, mai sayar da abinci a ƙasan bene, na sa aka ƙunso mata roti, wata irin gurasa da take so, na ba auta ta kai, ya wuni a bakin ƙofa. Na kira Malam, ya ce, "Ki yi mata bayani mana, al’ada ce, ba ƙiyayya ba." Shi abin ya zo masa da sauƙi, tunda sunan mahaifiyarsa ne, "Mamana" yake ce mata, ya yi ta lallaɓa ta ba mai cewa ya yi rashin kunya.

Na je bakin ƙofarta na yi bayanin. Na ce haka ake yi wa ɗan fari a wurinmu, kunya ce, kuma kunyar ma alamar girman abin ce a zuciya. Na ce ni ma ’yar fari ce. Sai ta ce daga ciki, "Hajiya ma haka ta yi miki?" Tana nufin mahaifiyata, wadda ta rasu shekara biyu kafin korona. Na ce haka ta yi mini. Ta ce, "Kin ji daɗi?"

Na koma kicin na zauna a kan kujerar tsugune. Gaskiya ne Hajiya ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma ni a ɗakin kakata na tashi. Ita take sa sunana a waƙa a tsakiyar biki har in rufe fuska. Gwaggona take yi mini kitso tana gaya mini irin rashin barcin da Hajiya ta yi da na yi ƙyanda. In na ci jarrabawa Hajiya ta kau da kai, kafin yamma kakata ta zo ta raɗa mini cewa uwarki har gidan maƙwabta ta kai takardar. Gidanmu bakuna sun yi yawa, abin da uwa ta haɗiye wani zai faɗa maka. Ni kuwa na ɗauko kunyar na hau jirgi da ita, na baro masu raɗar a Kano. Shekara bakwai yarinyar nan tana hawa na sha huɗu ba mai raɗa mata komai.

Kuma tambayarta tana da amsa, ni ce ban so in faɗa ba. Da Hajiya take kwance a asibiti na je gida na yi sati uku a gefen gadonta. Ina jira. Na san ba za ta yi ba, amma ina jira. Ranar da zan dawo ta dube ni ta ce, "Ke, kin ci abinci kuwa?" Na san abin da take nufi, na san duk son duniya yana cikin maganar. Amma na so in ji sunana a bakinta sau ɗaya, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Washegari da hantsi na shiga banɗaki na kunna famfo. Na tsaya gaban madubi na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ji nake kamar surukata tana tsaye a bayana ni kuma ba mayafi. Na ce a zuciyata, Hajiyar Malam ki yafe mini, ba ke nake kira ba. Na fara da raɗa. Na sake. A karo na biyar ko na shida ya fito da sauti, baƙo a bakina, kamar ba ni na yi naƙudar mai shi ba. Sai ga auta tana buga ƙofa tana cewa, "Umma, wa kike kira a banɗaki?" Na ce ta tafi ta ba ni wuri.

Bayan la’asar aka tsuge da ruwa irin na garin nan. Na sa wa auta katun, na je na tsaya a ƙofar ɗakin. Ban ƙwanƙwasa ba. Na ja numfashi tun daga ciki, na kira sunanta, cikakke, yadda aka raɗa mata ranar suna. Muryata ta tsage a tsakiya.

Ba motsi. Har na fara tunanin ko abin kunne ne a kunnenta, sai na ji mukulli ya juya. Ta buɗe, ta tsaya riƙe da ƙofar, fuskarta duk ta faɗa.

Na fara ina kallon ƙasa, sannan na tilasta wa kaina na ɗago. Na ce, "Kin tambaye ni ya na ji. Gurnaninki bai nuna ba tukuna, mutumin can ya yi gaskiya, kina matse wuya, za mu gyara. Amma inda kika sauko, tun da kakata ta rasu ban ji muryar da ta sa na nemi wurin zama ba sai taki. Kin fi dattijon, kin fi shi har lokacin da yake yaro, kuma a gaya wa mai agogo ni na faɗa. Ranar nan da na ce ki miƙo murfi, tukunyar a rufe take. Kuka nake ɓoyewa."

Ta ce, "Umma, sake faɗa."

Na ce, "Gurnaninki bai..."

Ta girgiza kai. "A’a. Na farkon."

Na sake kiran sunan. Ya ƙara karyewa a daidai wurin da ya karye ɗazu. Ta saki ƙofar ta faɗo jikina, ta fi ni tsawo ashe, ban taɓa sani ba. Na riƙe ta, ina ta faɗarsa a cikin gashinta.